Hawayen Matar Baffa

Ranar da Umma, matar baffana da ta riƙe ni, ta rasu, matan unguwarmu ta Ammariyya a Jidda sun cika tsakar gidanmu tun kafin azahar, amma ban ji kukan ko mutum ɗaya ba. Kowacce ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta kama hannuna ta ce, "Azzamallahu ajaraki," ta nemi wuri a tabarma ta zauna. Daga nan sai kallon-kallo. Na san zaman makokin unguwarmu, a cikinsa na girma. Ko jaririn kwana uku aka rasa, sai an sami wadda za ta fara sheshsheƙa, sauran su kama mata. Ran nan kowa na jiran wata ta fara, har gahawa ta zagaya sau biyu.

Maƙwabciyarmu mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka ta ce, "Ashe Turawa ma zazzaɓi irin namu ke kashe su." Wata tsohuwa daga cikin mutanenmu na Sudan ta gyaɗa kai ta ce, "Baiwar Allah. Ta iya gaisuwa." Wata yarinya haihuwar Jidda, wadda Hausarta ta rabi da rabi ce, ta raɗa wa uwarta, "Ya ummi, hiya ce wadda ta fito a silima?" Uwar ta mintsine ta. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ta riƙe mana amana," ta koma jan carbinta.

Gwaggo, yayar mijin Umma, ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, ita ta yi mata wanka. Ta fito tana goge hannu da gefen mayafi, ta ce, "Halas, an gama. A gaya wa maza." Ta zauna a inda ta saba zama, jikin bangon gabas.

Ni suke kallo, na sani. Ni ce 'yar riƙonta, ni ce a ɗakinta tun ina shekara shida, in akwai wadda kuka ya wajaba a kanta to ni ce. Idanuna kuwa sun bushe ƙamas. Na ga maza sun ɗauki makara sun fice da ita, na ga ƙafar makarar ta bugi ƙyauren ƙofa, abin da ya zo mini kawai shi ne ƙyauren nan yana son gyara. Akwai wani ɗan gwangwani a aljihun rigata, hannuna na kansa tun safe.

Yau kwana arba'in, kuma na lura mutane sun fara mantawa da ita tun ba a je ko'ina ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta da dangi a ƙasar nan, sunan da liman ya raɗa mata ranar da ta musulunta ma ba wanda ya riƙe. Inglisiyya ake ce mata, ko matar Baffa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don abin da na sani game da ita kada ya bi ni kabari.

Baturiyar Ingila ce, kuma kafin ta zama Ummata 'yar wasan kwaikwayo ce. A wani garin masaƙu aka haife ta, ubanta yana gyaran takalma. Tana shekara sha bakwai ta bi wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari, kowane mako sabon gari da sabon wasa, a cikin jirgin ƙasa take haddace maganganunta. Daga baya ta sami shiga manyan gidajen wasa na Landan, ta kuma fito a fina-finai 'yan kaɗan. Ba ta taɓa cika mini baki cewa ita tauraruwa ce ba. "'Yar aiki nake fitowa, ko mai jinya, ko ƙanwar amarya," in ji ta. "Da na fara manyanta sai suka gano fuskata ta masu takaba ce. Daga nan duk wasan da miji zai mutu, ni ake nema." Takan ce ta binne maza a kan dandamali fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma kowannensu ya tashi ya sha shayi da ita bayan an sauke labule.

Mijinta na farko mai kunna fitilun gidan wasa ne. Ya tafi yaƙin duniya bai dawo ba. Bayan yaƙin sai aka koma neman sababbin fuskoki, ita kuma ta bi wata ƙungiya da ke yi wa sojojinsu wasa a Masar da Sudan. A Bur Sudan ƙungiyar ta watse. Ta kama aikin buga tafireta a wani kamfanin jiragen ruwa, inda Baffa, ƙanen mahaifina, yake tafinta tsakanin Turawan kamfani da alhazanmu. Da kamfanin ya maido su tashar Jidda a shekarun hamsin, ta musulunta suka yi aure. Na taɓa tambayarta abin da ta gani a jikin Baffa, mutum siriri mai tari, wanda hularsa ba ta taɓa zama daidai ba. Ta ce, "Shi kaɗai ne namijin da ya taɓa tambayata ko na gaji."

Dangi ba su so ba, Gwaggo ce kan gaba. Kuma ba na ganin laifinta sosai. A hanyar Makka uwarsu ta rasu, suna tafe da ƙafa daga ƙasar Hausa, Gwaggo ce ta goya Baffa har bakin Bahar Maliya tana yarinya. Ba ƙane ta ɗauke shi ba, ɗa ta ɗauke shi. Ta so ya auri wadda za ta iya tuƙa masa tuwo, sai ga shi da mace mai jan gashi wadda ke sa madara a shayi. Da shekaru suka shige ba haihuwa, Baba ya kama hannuna ya kai ni ɗakinsu ya ce, "Ga 'yarku." Na yi kuka kwana biyu. A na uku Umma ta ɗaura ɗankwali irin na Gwaggo, ta riƙe ƙugu, ta shigo tana ɗingisawa tana faɗa da kaji cikin muryar Gwaggo sak. Na yi dariya har na shaƙe, daga ranar ban sake neman gidanmu ba.

Kunne gare ta. Hausarta ba a littafi ta koya ba, a bakin mutane ta tsince ta, har da karin harshensu. In ta yi magana da 'yan Sudan sai ka rantse a Mai Wurno aka yanke mata cibiya, in baƙi suka zo daga Kano ta juya ta koma Bakanuwa. Mai kifi, mai ruwa da jakinsa, ɗan sandan tasha, duk suna cikin maƙogwaronta. Baffa kan dawo daga aiki a gajiye ya ce, "Hajiya, yau wa za ki kawo mana?" Sai ta kawo masa shugaban ofishinsu yana neman tabarau alhali suna kan goshinsa.

Tana da wasu ɗabi'u da ban gane kansu ba sai da na girma. Ba ta shiga taro kai tsaye. Ko gidan suna za mu, sai ta tsaya a bayan labulen ƙofa, ta ja numfashi sau uku, ta ɗaga haɓa, sannan ta yi sallama. Ba ta juya wa mai magana baya. In na yi mata magana ƙasa-ƙasa sai ta ce, "'Yata, ɗaga murya. Ɗan kallon da ke layin ƙarshe ma ya zo ne don ya ji." Wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga, a kan karatu, a kan gaisuwa, har a kan cinikin tumatir.

Da sana'ar nan tata ta taimaki mutane da yawa, ko da yake ba wanda ya tuna da haka ranar makoki. A shekarun nan akwai matan da suka zo aikin Hajji suka maƙale, miji ya mutu ko guzuri ya ƙare, ga maganar iƙama, takardar izinin zama, ta taso. Sukan zo wurin Umma don ta karanta musu takardun Turanci, amma ba a karatu take tsayawa ba. Sai ta jawo teburin ɗinki, ta zauna a bayansa, ta haɗe rai, ta zama ma'aikacin ofishin. Na tuna wata tsohuwa Bazazzagiya da ke tsorata ko sunan ofis aka ambata. Umma ta daka mata tsawa da Larabci, "Fen kafilinki? Ina wanda ya tsaya miki? Yalla, ba ni da lokaci." Tsohuwa ta durƙushe ta fara ba da labarin mutuwar mijinta tun daga farko. Umma ta koma muryarta ta ce, "A'a, Iya. Tashi tsaye. Kada ki ba shi labari, bai tambaye ki ba. Ki miƙa takarda, ki dubi tsakanin girarsa, ki faɗi sunanki. Koma waje ki sake shigowa." Sau bakwai tsohuwar nan ta sake shigowa ɗakinmu. Bayan mako guda ta dawo da takardarta da ƙullin dabino, tana cewa na ofishin bai kai Hajiya ban tsoro ba.

Abin da ya ɓata komai Baffa ne ya jawo shi, kuma don so ya yi. Yana alfahari da ita, yana jin haushin yadda danginsa ke mata kallon wadda ba ta da asali. Sai ya bi ta hannun wani abokinsa ma'aikacin jirgi, ya samo faifan wani tsohon fim da ta fito a ciki, bai gaya mata ba. Lokacin bikin 'yar Gwaggo, ina shekara sha biyu, aka ɗauko hayar majigi kamar yadda masu hali ke yi, aka rataya farin zanen gado a bangon tsakar gida don mata. Bayan magariba aka kunna. Ana jiran fim ɗin Masar mai waƙa, sai ga Turawa cikin ruwan sama. Can sai ga Umma, yarinya shar da ita, cikin baƙaƙen kaya, ta kifa kai a kan akwatin gawa tana kuka, hawaye na bin kumatunta.

Matan suka dubi bango, suka dubi Umma da ke zaune da farantin alkaki a cinya. Wata ta ce, "Wayyo, mijinki ne na farko?" Umma ta ce a'a, wasa ne, mutumin ma ba ya cikin akwatin. Ba wadda ta yarda. Gwaggo, wadda ita ma idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ke Inglisiyya, hawaye ba ya ƙarya. Wanda bai ji ciwo ba ba ya zubar da shi haka."

Da Umma ta yi shiru da shi ke nan. Amma ɗan wasa in ya ga 'yan kallo ba ya iya haƙuri. Ta ce, "Yaya, ba ni minti biyu." Ta shiga ɗaki, ta tsaya a bayan labule, ta fito. Ta dubi wani wuri a ƙasa kamar an shimfiɗe mata wani nata a wurin, leɓenta ya fara rawa, hawaye suka zubo shar-shar. Kafin ka ce kwabo rabin matan biki suna kuka, Gwaggo har da jan majina, ta miƙa hannu za ta rungume ta. Sai Umma ta ɗago, ta yi murmushi, ta rusuna irin yadda suke yi a can in an gama wasa. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna musu ɗan gwangwani mai shuɗin murfi, na man zafi irin wanda ake shafa wa mai mura a ƙirji, mai ƙamshin kafur. "Ga sirrin," in ji ta. "Kaɗan a yatsa, a goga ƙarƙashin ido. Da shi na ci abinci shekara ashirin."

Ta zaci za a tafa mata. 'Yan mata sun yi dariya, amma manya ba su yi ba. Gwaggo ta janye hannunta, ta share fuska, ta ce, "To. Yau kin sa na yi kuka a bikin 'yata a kan babu." Ta tashi ta bar wurin. A wurin Umma gwaninta ta nuna, kuma ta yi gaskiya da ta bayyana dabarar. A wurinsu kuwa ta ja su sun buɗe zuciyarsu ta yi musu dariya. Kowane ɓangare bai san abin da ya yi wa ɗayan ba, rashin sani ya fi dare duhu.

Ni abin da na ɗauka daga daren bikin daban ne. Malamarmu ta makarantar allo tana da bulala, kuma na lura ba ta dukan mai kuka sosai. Bayan 'yan watanni na sace gwangwanin daga akwatin Umma. Ya yi mini aiki ƙwarai, har ƙawayena na ara wa.

Shekara ta zagayo, tarin Baffa ya tashi, wannan karon da zazzaɓi. Umma ta zazzage akwatinta tana neman gwangwanin don ta shafa masa a ƙirji. Ta tambaye ni, "'Yata, ko kin ga man nan nawa?" Na ce ban gani ba. Yana cikin aljihuna a lokacin. Ta dube ni ɗan jim, ta ce, "To," ta dafa masa ganyen na'ana'a. Na san man ba zai hana ajali ba, likita ma ya zo ya yi allura bai hana ba. Amma na ce ban gani ba, kuma kwana huɗu bayan haka Baffa ya cika da hantsi.

Da maza suka gama yi masa wanka suka sa shi a likkafani, aka ba mata izinin sallama da shi. Umma ta shiga, ba ta tsaya a bayan labule ba, ban taɓa ganin ta shiga wuri haka ba. Ta faɗa kansa ta rungume shi, sai da aka ɓamɓare ta. Kukan da ta yi bai yi kama da na bango ba ko kaɗan. Ba kyau a cikinsa. Bakinta a buɗe, majina da yawu, wani sauti na fita daga ƙirjinta kamar na akuyar da ake yankawa. Aka fito da ita tsakar gida cikin mata tana yi.

Gwaggo tana zaune jikin bangon gabas, ita nata kukan ya ƙi fita. Ta daɗe tana kallon Umma. Sai ta tashi, ta zo, ta kama hannun Umma ta kai hancinta, ta shinshina. Ta saki hannun ta ce, yadda kowa zai ji, "Kafur. Ko a kan gawar ɗan'uwana sai kin yi mana silima? Ki bari, ya isa. Ba mai tafa miki a nan."

Kukan Umma ya tsaya cak. Ta dubi hannunta. Ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai, cikin duk matan nan. Gwangwani yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Kalma huɗu ce za ta wanke ta: man yana wurina, Gwaggo. Amma in na faɗa, za a san ni ɓarauniya ce, za a san na hana Baffa magani yana ciwon ajali. Ina shekara sha uku. Na sunkuyar da kai na dubi tabarma. Da na ɗago, Umma ta share fuskarta, ta gyara mayafi, ta zauna daram.

Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ba wanda ya ga ɗigon hawayenta, matan unguwa kuwa suka ce ai ga shi nan, da ma sun faɗa. Ba a kore ta ba, ba a zage ta ba. Ana gaisawa, ana aiko mata da abincin suna. Amma in an yi mutuwa ta je gaisuwa, sai a bar ɗan fili tsakaninta da ta kusa da ita, kuma duk abin da ta ce sai an auna shi sau biyu. Ofishin jakadancinsu ya aiko a tambaye ta ko tana son komawa gida. Ta ce a gaya musu mijinta yana nan. Ta daina kwaikwayon mutane. Shekara goma sha ɗaya ita da Gwaggo ba su haɗa hannu ba, sai dai "ina kwana, Yaya" da "lafiya" daga nesa.

Ni kuwa ba ta canza mini ba ko da ƙwayar zarra, wannan ne ya fi ci mini rai. Ita ta yi mini kitson aure, ita ta koya mini yadda zan shiga gidan surukai: numfashi uku, haɓa sama. Ita ta karɓi haihuwar ɗana na fari. Na yi ta cewa gobe zan gaya mata, gobe ta zama shekara. Gwangwanin na tafi da shi ɗakin mijina a ƙasan akwati, na kasa yar da shi.

Sai da ta kwanta ciwon nan na ƙarshe. Wata la'asar ina ba ta kunu a cokali, na ajiye kofin na fito da gwangwanin na ɗora a kan bargonta. Murfin ya yi tsatsa. Na ce, "Umma, yana wurina tun ran nan. Tun kafin ran nan."

Ta ce, "Ɗaga murya, 'yata."

Na sake faɗa da ƙarfi.

Ta ce, "Na sani. Rigarki ta makaranta ni nake wankewa."

Na ce, "To me ya sa ba ki ce a tambaye ni ba?"

Ta ce, "Da kin faɗa, sai su ce ke ma na koya miki. Gara a rasa mutum ɗaya a gidan nan da a rasa biyu." Ta ɗauki gwangwanin ta juya shi a hannu. "Kin san wani abu? Ranar da takardar mutuwar mijina na farko ta zo, da yamma na hau dandamali na yi takaba a wasa, kuma sai da na shafa wannan. Na zaci ni ba a halicce ni da hawaye ba ne. Sau ɗaya tak suka zo mini da kansu, a kan Malam, Baffanki." Ta miƙo mini shi. "Ba su yi kyau ba, ko? Da a can ne, da an ce in sake."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun yana aljihuna, in ba ta sauran kunun kafin ya huce. Bayan kwana shida ta rasu.

To, shi ne gwangwanin da ke aljihuna ranar makokinta. Ba zan ɓoye ba, da na ga matan suna kallon busassun idanuna, na yi tunanin in shiga ɗaki in gwada ko akwai sauran mai a ciki. Har na miƙe. Na tsaya a bayan labulen ɗakinta, inda take tsayawa, na ja numfashi sau uku. Sai na juyo na dawo tsakiyar tabarma, na ajiye gwangwanin a ƙasa gaban Gwaggo.

Na faɗi komai, da muryar da ta layin ƙarshe za ta ji. Na ce ni na sace shi, yana aljihuna lokacin da take neman sa don ƙirjin Baffa, yana aljihuna lokacin da aka shinshina hannunta. Na ce babu wani man a gidan nan ran nan. Na ce kukan da ta yi wa mijinta nata ne.

Ba wadda ta motsa. Mai yadi ta ce, "Allah ya jiƙanta," don dai a ce wani abu. Inna ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Gwaggo ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta ce, "Ke ma ta koya miki?"

Ban ji zafi ba ma, na dai ce a raina, Umma, kin ga kin faɗa.

Mai zuba gahawa ta zo kan Gwaggo ta miƙa mata finjali. Gwaggo ta karɓa, ta ɗaga zuwa baki, sai hannun ya tsaya a ƙarƙashin hancinta. Da hannun nan ta yi wa Umma wanka da safe, da shi ta barbaɗa kafur a likkafaninta. Ta ajiye finjalin ba ta sha ba. Ta kai yatsunta hanci ta shinshina, ta sake shinshinawa.

Ta ce, a hankali, "Ran nan ta taɓa likkafaninsa?"

Na ce, "Rungume shi ta yi, Gwaggo. Sai da aka ɓamɓare ta."

Ta ce, "Ni na ɓamɓare ta."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ɗago ta dubi ƙofar da aka fita da makara, ta ce, "To yanzu ina zan kai mata?"

A garin nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ba a rubuta suna a kan kabari. Ko mazan da suka kai ta, nan da shekara ba za su iya nuna wurin ba.

Tun daga ranar Gwaggo take zuwa kowace la'asar, tana ɗingisawa kamar yadda Umma ke kwaikwayonta. Takan zauna a ɗakin Umma, in dafa mata shayi, ta ce in sa madara. Ba ma magana sosai. Jiya ta ce in ba ta labarin garin masaƙun nan da aka haife ta, na ba ta iya abin da na sani, ta ce, "Ashe ita ma talaka ce." Gwangwanin yana kan taga tsakaninmu. Na buɗe shi sau ɗaya, man ya bushe tuntuni, ko ƙamshi babu.

Allah ka yi wa Umma rahama, ka haɗa ta da Malam ɗinta. Kai ne ka ga hawayen nan tun ran nan, ba ka buƙaci shaidata ba. Ni da Gwaggo har yau ba wadda ta yi mata kuka, muna dai zaune muna jira.